Maganaɗisu da Ƙayar Aduwa

A wani zamani an yi wani manomi da ya taka ƙayar aduwa, ta karye a gindin babban yatsan ƙafarsa. Ran kasuwa wani baƙo ya zo da baƙin ƙarfe, wai shi maganaɗisu. Ya zuba allurai a tabarma, suka yi tsalle suka manne wa ƙarfen. Ya ce, "Yadda ya ja allura, haka yake jan ciwo." Manomi ya saya, ya ɗaure a ƙafa.

Ƙafa ta kumbura. Matarsa ta ce a tafi asibiti. Ya ce, "Ku bar shi, yana ja." Ƙafa ta fara ruwa, zazzaɓi ya rufe shi. Ya ce, "Ku bar shi, yana ja."

Yana da 'ya wadda ba ta taɓa yi masa musu ba. Ta je gindin aduwa ta tsinko ƙaya, ta zo ta durƙusa a gabansa. Ta ce, "Baba, ka gafarce ni, a gwada shi a kan wannan."

Ya daka mata tsawa, "Ke! Ni za ki koya wa magani?"

Ba ta tashi ba. Can ya kwance ƙarfen, ya kai shi kusa da ƙayar. Ƙaya ba ta motsa ba. Ya ƙara matsowa da shi. Ƙaya ba ta motsa ba.

Ya ajiye ƙarfen, ya ce, "Je ki kawo jaki, mu tafi asibiti."

Likita ya ciro ƙayar, amma yatsan ya riga ya ruɓe, sai da aka yanke shi. Ƙarfen kuwa ya koma kwandon ɗinkin matarsa, yana tsince mata allura.