Kitson Hanjin Rago

A wani gari, can da daɗewa, an yi wata yarinya mai gaggawar cin abinci. Loma ɗaya, haɗiya ɗaya, sai ciwon ciki.

Ranar Layya kakarta ta ba ta ƙaramin hanjin rago ta kitsa. Ta ja, ta ja, ta ja, hanji bai ƙare ba. Ta fashe da dariya.

"Kaka, wannan ai igiyar guga ce!"

"Hanyar abinci ce, 'yar nan. A nan yake narkewa sannu a hankali, jiki ya tsotse amfaninsa. Naki ma haka yake."

Da aka soya nama, kowa ya cinye nasa, ita tana ta tauna.

Kaka ta ce, "Yau lafiya?"

"Tafiyar naman da nisa, Kaka. Rage masa hanya nake yi."