Ƙararrawar Jirgin Shugaba

Da safiyar Talata aka kawo wa Sufeto Mwadime rahoto cewa an sace ƙararrawar Nyota.

Sai da ya ajiye biro. Nyota jirgin shaƙatawar Shugaban wancan zamani ne. Lokacin yana yaro, shi da yayarsa sukan hau dutsen bakin mashigin teku ranar Lahadi, su jira jirgin ya wuce, fari tas, masu busa na ta busa a bayansa, manyan baƙi na ɗaga hannu. Yayar ta daɗe da rasuwa. Jirgin kuwa ya yi shekaru ɗaure a tsohuwar tasha tsatsa na cin sa, har aka sayar wa wani mai yanka ƙarfe, Shee Lali.

Lali ne ya kawo ƙara, ya kuma sa aka tsare mai gadin jirgin, Baba Charo. In ba a gano ɓarawo ba, ranar Litinin tsohon zai tsaya gaban alƙali.

Da Sufeto ya isa jirgin, Lali ya tarye shi.

"Tagulla ce zalla, Yallaɓai. Tsohon nan ya sayar ya sha bammi. Da idona na gan shi."

"Ai ka ce wa sajena jiya kana can garin Malindi."

Lali ya sosa ƙeya. "To, da idon zuci."

Sufeto ya duba inda ƙararrawar take a da. Ba a sa zarto ba. An kwance notuna a hankali, an zuba su cikin kofin shayi mai tambarin jirgin. Ƙarfen da ke riƙe ta ma an goge shi yana ƙyalli, ga ɓawon lemun tsami da toka a ƙasa. Wane ɓarawo ne zai tsaya shara kafin ya gudu?

Ya koma ofis ya sa aka fito da Charo.

"Baba, wa ya hau jirgin jiya?"

"Ban ga kowa ba, ɗana. Barci nake."

"Da rana tsaka?"

"Tsufa ba ya duba agogo."

"Kai kake goge ƙararrawar?"

"Ni? Ai a jirgi mai girki ke goge ƙararrawa, haka muka tarar. Nawa kaɗawa ne, in rana za ta faɗi, lokacin sauke tuta."

"Jirgin da ba tuta?"

"Saboda Kyaftin Bwanaheri, mai tuƙa jirgin a da. Ya makance. Daga gidansa na kan tudu yake saurare."

"Wa ke girki a Nyota a da?"

Charo ya dubi ƙafafunsa. "Na manta."

Washegari aka ja jirgin zuwa wurin yanka. Sufeto bai yi niyya ba, amma ƙafa ta kai shi dutsen nan nasu. Nyota ya wuce a karkace, fenti ya ɓare, tagogi duk a fashe. Ba busa, ba mai ɗaga hannu. Ya tsaya har ruwa ya rufe sawun jirgin, rana ta yi ja.

Sai ya ji ƙararrawa. Ba daga tasha ba, daga kan tudu.

Ya bi sautin ta lungun masu suyar rogo, har bayan wani gida mai rufin kwano. A can ƙarshen lambu, ɓangaren teku, wata dattijuwa na tsaye ƙarƙashin mangwaro da igiya a hannu. Ƙararrawar na rataye a reshe.

"Sannu, Inna. Ke ce matar Kyaftin?"

"Mwanajuma," ta ce. "Ƙararrawar nan a kasuwa na saye ta."

"Ɗauke da sunan Nyota a jikinta? Lemun tsami da toka fa?"

Ta kau da kai. Sufeto ya ci gaba.

"Baba Charo na tsare. Ranar Litinin za a kai shi kotu, kuma ya ƙi faɗin sunanki."

Igiyar ta suɓuce daga hannunta. "Sun kulle Charo? Ba wanda ya gaya mini." Ta zauna a kan turmi. "Ni na ɗauka. Cikin baron kwakwa na turo ta, shi kuwa ya juya baya kamar bai gani ba. A jirgin nan na yi girki tun ina budurwa. Shinkafar kwakwa, kifi, gahawa, har Shugaba kan aiko a ƙara masa miya. A nan na haɗu da maigidana. Yanzu ba ya gani, sautin nan kawai ya rage masa. In ya daina ji, zai san an yanka jirginsa." Ta rage murya. "Ɗana, ka tafi da ni, amma kada ka gaya masa."

"Mwana."

Kyaftin Bwanaheri ne tsaye a bakin ƙofa, ya dafa bango.

"Ke da wa kike wasa? Ƙararrawa a kan ruwa daban take amsawa. Kuma Charo a hankali yake kaɗawa. Ke kuwa har yau kamar kina kiran mutane abinci zai huce."

"Ka sani, ka yi shiru?"

"Na yi kewar hannunki ne."

Ta rufe fuska da mayafi. Sufeto ya kira saje ya zo da mota, ya ce a saki Charo tun kafin isha. Bai fito da ankwa ba. Shi da kansa ya sauke ƙararrawar, ya naɗe ta cikin buhu don kada ta yi ƙara. Mwanajuma ta nuna wa mijinta inda ta ajiye abincin dare, ta ce maƙwabciya za ta leƙo, sannan ta shiga mota.

Sufeto zai juya, tsohon ya kamo hannun rigarsa.

"Ka gan shi da aka ja shi?"

"Na gani, Kyaftin."

"Yaya yake?"

Sufeto ya dubi mashigi, inda babu komai sai ruwa.

"Fari tas," ya ce.