Madubai Biyu a Hular Nomau

Zakara bai yi cara ba Mato da yayansa Nomau suka bar gari, kowa da bindigarsa adaka a kafaɗa da tocila ɗaure a goshi. Da Mato ya san ran ɗan'uwansa zai rataya a yatsansa kafin gari ya waye, da ya yi zamansa a gida. Fita uku ke nan yana dawowa hannu rabbana, har mata sun fara tambayarsa ko gaida itatuwa yake zuwa yi a daji. Abin yana cin ransa ƙwarai.

A bakin rafi suka ga sawun gwanki, ɗanye shar, kashinsa ma bai huce ba. Nomau ya ce, "Bi ta gabas, ni zan zaga ta fadama. Kada ka harba sai ka yi fito." Dokar gidansu ce tun kakanni: in ka ga ido a duhu, yi fito, in mutum ne zai amsa.

Mato ya kutsa cikin gamba, raɓa ta jiƙa shi sharkaf. Can ya ji motsin ruwa, ya haska tocilarsa mai raunin batir. Idanu biyu suka ƙyalla a gindin ɗinya, ƙasa-ƙasa. Ya tattara leɓe, sai ya tuna fiton nan ne ya korar masa barewa wancan makon. Ya haɗiye shi. Ya ɗora yatsa a kunama.

Sai sama ta tsage. Wani dunƙulen wuta, kore da fari, ya taso daga arewa yana jan wutsiya, yana zubar da tartsatsi. Daji ya haskaka har kana iya ƙirga ganye. Nan Mato ya ga abin da ya auna: Nomau ne durƙushe yana shan ruwa, tocilarsa a kashe, ƙananan madubai biyun da ke ɗinke a hularsa ta farauta suna walƙiya.

Wutar ta mutu. Can nesa aka ji rugugi. Mato ya saki adakarsa ta faɗi ƙasa.

Nomau ya hauro yana salati. "Ka gani? Irin wannan tauraruwar in ta faɗi, an ce wani ya rasu ke nan. Allah ya ji ƙansa, ko wane ne."

"Yaya, ba ni hularka."

"Ka yi me da ita?"

Mato ya zaro wuƙa, ya ɓalle madubai biyun ya wurga su cikin rafi. Nomau ya dubi ruwan, ya dubi adakar da ke yashe a ɗane, bakinta na kallon gindin ɗinya. Sannan ya juyo ga ƙanensa.

"Ban ji fitonka ba, Mato."