Mai Haƙar Yumɓu

Ban gama faɗin sunansa ba Baba ya ture kwanon abincin da ke gabansa.

"Efraín? Mai haƙar yumɓu? Ashe haka kika raina kanki, Amparo."

Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a cinyata.

Gidanmu kaka da kakanni maginan baƙar tukunya ne a ƙauyenmu na jihar Oaxaca, a ƙasar Mexico. Ni ce ta fara barin tulu da kasko na koma gina siffofin mata, har 'yan birni suka fara zuwa saye. Tun daga nan Baba ke ganin na wuce auren mai dakon yumɓu a kan jaki.

Bai san Efraín ne ya fara yabon aikina ba, lokacin da kowa ke min dariya. Shi ke zaɓo min yumɓu mai laushi daga can ƙasan rami, ya sauke, ya zauna yana tsokanata, wai duk matan da nake ginawa hancina na ba su, kamar barkono.

Da aka gayyace ni baje aikina na wata uku a birnin Mexico, na ce ba zan je ba. Ya riƙe hannuna duk da taɓon da ke jiki.

"Je ki, rabin raina... ina nan inda kika bar ni."

Na tafi.

Griselda 'yar kawuna ta daɗe tana sonsa. Ita ta kai masa hotona tsaye kusa da mai zauren baje kolin, ta rantse masa Baba har ya ba da ni. Sai Efraín ya daina ɗaga wayata. Na kira, na kira, zuciya ta ɗebe ni, ni ma na daina. Mako uku muka yi a haka, ina yi wa baƙi murmushi, ina shiga banɗaki in yi kuka.

Mama ce ta gaji, ta taka har gidansu ta gaya masa ƙarya ce.

Washegari da safe ya kira ni. Ina kallon sunansa a wayar na ƙi ɗagawa, na ce bari shi ma ya ɗanɗana. Ya bar min saƙon murya yana ba ni haƙuri, ya ce shi wawa ne, kuma zan dawo in tarar da yumɓun da ban taɓa taɓa irinsa ba.

Damina ce, an kwana uku ana ruwa. Abokan aikinsa sun hana shi shiga ramin, bai ji ba.

Kafin rana ta yi tsaka ramin ya rufta da shi.

Na iso ƙauye ana shirin ɗaukar gawarsa zuwa coci. Griselda ba ta zo ba. Baba na tsaye a ƙofa riƙe da hularsa, ya kasa haɗa ido da ni. Na raɓe a baya cikin maƙwabta, don ban san da wane suna zan matsa gaba ba.

Mahaifiyar Efraín, Doña Remedios, ta ɗago ta hango ni. Na ɗauka zagi zan sha. Sai ta gyara mayafinta, ta matsa, ta dafa gurbin da ke kusa da kan gawar.

"Zo nan, 'yata. Wurin matarsa ne, tun safe na hana kowa zama."