Kwalbar Osmiyam

"Suleiman! Me ka zuba a kwalbar nan?!"

Ihun Barira ya cika ɗakin gwaje-gwajen jami'ar.

Ya juyo da murmushinsa. "Asid mana, yadda muke wanke kowace. Na ga kin gaji ne, Sahibata..."

"Innalillahi! Ajiye ta! Fito waje!"

Wata tara Barira ta kwashe tana haɗa ƙarfen osmiyam da wani sinadari mai damƙe shi ta wuri uku kamar awartaki, don ya riƙa ba da haske. Jiya-jiyan nan aikin ya yi kyau, hodar ta haska ja jawur a ƙarƙashin fitila. Murna ta sa ta bar kwalbar da dattinta a bakin famfo. Shi kuwa bawan Allah nasa binciken kan ruwan rijiya ne. Ina ya san ragowar osmiyam in ta haɗu da asid ɗin nan tururi take tayarwa mai cin ido? Ga shi an ɗauke wuta, fankar da ke zuƙe iskar ɗakin ta tsaya cak.

Ta ja shi famfon waje tana kwarara masa ruwa a ido. Oga Godwin mai kula da ɗakin ya rugo ya tuttula man girki a kwalbar don ya kashe gubar, man ya koma baƙi ƙirin.

"Kai shi asibiti yanzu yanzu!" in ji shi. "Wannan abu ba ta wasa!"

A cikin keke-napep, a hanyar asibiti, Suleiman ya fara murza ido.

"Kar ka taɓa! Don Allah kar ka taɓa!"

"Kamar an watsa min yashi..."

"Kana ganina?"

Ya juyo fuskarsa wajenta.

"Suleiman, kana ganina?!"

"Ina dai jin muryarki."

Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba tunda aka haife ta.

An gama rufe masa ido da bandeji ke nan mahaifiyarsa, Hajiya Kubura, ta iso daga unguwar Maitumbi, takalminta wari da wari.

"Ai na faɗa! Na ce yarinyar da ke wuni cikin guba ba matar aure ba ce! Ga Halimatu 'yar ƙanwata ka ƙi, yau ga abin da ka samo!"

Barira ta zube a gabanta.

"Mama, laifina ne. Ni na bar kwalbar ban rubuta komai a jikinta ba."

"Ba wanda ya sa ni, Mama," in ji Suleiman.

"Kai rufe min baki!"

Kwana uku Hajiya ba ta amsa gaisuwar Barira ba. Ita kuma ba ta fasa zuwa ba, kullum tana rakuɓe a bakin ƙofa, abinci ko loma ba ya wuce mata.

A rana ta huɗu likita ya kwance bandejin. Barira ta damƙe bakin mayafinta.

Suleiman ya ƙyafta. Ya sake ƙyaftawa.

"Na dama garau... na hagu hazo-hazo."

"Na hagun sai a hankali," in ji likita. "Ban yi muku alkawari ba."

Ya juya kansa yana lalube, har idon ya tsaya a bakin ƙofa.

"Subhanallah, Barira... wannan ramar fa?"

Sai kuka ya ƙwace mata.

Hajiya ta daɗe tana kallonta. Ta ɗauki maganin ɗigawa, ta kai fuskar ɗanta, hannunta ya ƙi tsayawa. Ɗigo biyu suka zube a kumatunsa.

"Ke! Taso ki karɓa, kin tsaya kina mana kuka."

Barira ta matso, ta ɗiga masa a hankali.

Hajiya ta kawar da kai tana share ido da gefen gyale.

"Idon nan ko ya warke ko bai warke ba, ke za ki yi jinyarsa. Ki gaya wa babanki kawunnan Suleiman suna nan tafe neman aurenki ranar Asabar."