Defer Ɗin Jibrin

Hajiya Sittana ta sauke jabana, butar gahawa, daga garwashi, ta juya takardar sama da ƙasa, sannan ta miƙa wa babban ɗanta Mainasara. Tun ranar da aka ce wata jami'a a Indiya ta ɗauki Jibrin, saurayin 'yarta Ni'mat, hankalinta bai kwanta ba. A shekarun nan duk saurayin da ya samu ƙofar fita Sudan gudun kamun soja yake, kuma ba ya waiwaye. Jibrin ya rantse mata ya roƙi jami'ar ta jira shi shekara guda, sai an ɗaura aure. Ta ce rantsuwar bakanike ba shaida ba ce, takarda take so. To, ga takarda ta zo, amma da Turanci, su kuwa Turancin gidan bai wuce na jikin gwangwanin madara ba.

Mainasara mai takalma a kasuwar Suk al-Shabi ya ɗauko wani ɗan ƙamus da bangonsa ya yage, ya nemi kalmar da Jibrin ya ja wa layi, *deferred*. Ya laluba ya laluba, ya ɗago ya dubi uwarsa da murmushin wanda ya kama ɓarawo.

"Yumma, defer miƙa wuya ne. Ya amsa musu. Khalas, shi ke nan, tafiya zai yi ya bar mana ita."

Sittana ba ta nemi ƙarin bayani ba, dama abin da take son ji ke nan. Ta ce a tattara shela, turaruka da tufafin da danginsa suka kawo, gobe da la'asar a mayar musu. Ni'mat ta yi kuka har idonta ya kumbura, kuma gaskiya ita ma zuciyarta ta fara rawa. Me ya sa Jibrin ya sayi sabuwar jaka makon jiya?

Da safe Ni'mat ta soke takardar a cikin tob ɗin da ta yafa, ta hau hafila, motar haya, zuwa Omdurman wurin Ustaza Khadiga, tsohuwar malamarsu ta Turanci. A bakin kubri, gadar kogi, sojoji suka tsayar da motar, suka sauke samari uku marasa takardar hidimar soja. In Jibrin ya zauna, wannan ne ke jiransa.

Ustaza ta sa tabarau, ta karanta, ta yi dariya har da tari. Ta ce defer guda biyu ne masu kama ɗaya, duka daga Latin suka biyo ta Faransanci. Ɗaya asalinsa kai abu nesa, wato ɗagewa. Ɗayan asalinsa sauke abu ƙasa, wato bar wa na gaba hukunci, shi kuma da ɗan *to* yake tafiya a bayansa. Mainasara layin ƙasa ya karanta, ya tsallake na sama.

"Yarinya, nan babu *to*. Gurbinsa aka ɗage zuwa baɗi, shi ya roƙa. Kin san abin da ya zaɓa ya zauna a ciki saboda ke?"

Ta sani, ta gani a bakin kubri.

Ustaza da kanta ta rako ta gida. Sittana ta saurara fuska a ɗaure, har da tambayar ko Jibrin ya taɓa gyara wa Ustaza mota. Da aka nuna wa Mainasara layin sama, ya sulale ya tafi kasuwa ko sallama babu. Jakar ma, ashe ta amarya ce, an manta ba a haɗa da shela ba.

Da la'asar Jibrin ya zo, man inji a farce, ya durƙusa ya ce duk ranar auren da Hajiya ta sa, ita ce. Ustaza ta zunguri Ni'mat.

"Kin ga defer na biyun ke nan."

Sittana ta zuba masa jabana da hannunta, ta ce Juma'a mai zuwa, kafin a ɗage wani abin kuma. Haƙurin yini ɗaya ya tsare auren. Wanda ya shiga ƙamus da zargi a ransa, ma'anar da yake so kaɗai zai gani.