Wayar da Ta Bi Ta Indararo

Ranar da Suhail ya fara ganin Batul, yana tsugune a zauren gidan su Batul a cikin Birnin Zariya, yana jera siraran wayoyi masu launi a kan yatsansa. Mahaifinta, Alhaji Dogara mai manyan riguna, shi ya kira shi ya haɗa intanet daga shago zuwa ɗakin ɗinki na cikin gida.

Ta ajiye masa ruwa, ta tsaya kallo.

"Malam, kitso kake yi wa waya?"

"Da kitsonsu suka zo, biyu-biyu a murɗe. Ni tsefewa nake."

Ta yi dariya. Nan take jerin launukan ya ɓace masa, sai da ya sake daga farko.

Alhaji ya hana a huda katangar ƙasar da kakansa ya gina. Suhail ya ɗaga kai, ya hango indararo, ya zura wayar ta ciki. Rani ne, kowa ya yaba wayonsa.

Kafin damina soyayya ta kama su. Ya tura baffansa, Alhaji ya ce zai duba, don Kabir ɗan ƙanwarsa ma yana so.

Sai ruwan farko ya sauka. Wayar ta tare ciyayi, indararo ya toshe, rufi ya yi yoyo a kan riguna. Sauran ruwan ya bi wayar har cikin suwic, akwatin da ke raba intanet.

"Wanda bai san aikin indararo ba ne zai riƙe min 'ya?" in ji Alhaji. "Kada in sake ganinsa!"

Suhail ya ɗauke ƙafa daga gidan. Kabir kuwa kullum yana zaure da ledar lemo.

Batul ta gaji, ta rubuta wa Suhail: "Haskena, guduwa ka yi ka bar ni?"

Ya amsa: "Kunya ce, 'yar lelena. Ina ta gwada suwic ɗin daga nan Gyallesu, ba ya amsawa. Dole sai na zauna gabansa na soka masa shuɗiyar wayar nan ta konsol, mai haɗa shi kai tsaye da kwamfuta."

"To Baba ma ba ya amsawa daga nesa. Ka zo."

Da hantsi ya iso a Keke Napep, da kwamfuta da kwandon jar ƙasa. Ya durƙusa ya gaida Alhaji, Alhaji ya kau da kai. Ya tuɓe takalmi ya hau rufi, ya zare wayar ya bi da ita ta kan katanga, ya yashe indararo, ya yaɓe inda ya zaizaye. Sannan ya sauko, laka har gwiwa, ya soka wa suwic shuɗiyar wayar. Farin rubutu ya fito a baƙin allo. Ya rufe ramukan suwic ɗin da ruwa ya kashe, ya mayar da wayoyi cikin masu rai. Korayen fitilu suka fara ƙyafce kamar idon mage.

Alhaji ya dubi lakar ƙafarsa, ya ce:

"Kai da kwamfuta ce sana'arka, me ya fara kai ka rufi?"

"Shi na fara ɓatawa, Baba."

Alhaji ya yi gyaran murya. "Ka ce wa baffanka ya dawo bayan Juma'a."

A bayan labule Batul ta toshe baki da mayafi, dariya da hawaye suna rige-rige.

Da kaka aka ɗaura aure, Kabir ma ya zo ya raba dabino. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, amin.